Finafinan ɗaukar fansa masu ƙaramin kasafi: gwaninta ce ko ɓata lokaci?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina so mu baje ta a faifai. Da zarar an ambaci finafinan nan na ɗaukar fansa da ake yi da ƴan kuɗi kaɗan, sai ka ga ana yatsina fuska, wai shirme ne, wai duk labarinsu ɗaya. An kashe wa mutum mata ko ɗa ko ƙane, ya tono bindigar da ya binne, ya bi yaran bos ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya ritsa bos ɗin a wani kangon sito. Ban musa ba, labarin ɗaya ne. Amma ni a cikinsu nake samun faɗan da ya fi kama da gaske. Wanda ba shi da kuɗin da zai rushe gari da kwamfuta, dole ya nemo mutanen da suka iya faɗa, ya kafa kyamara, su yi a gabanta kowa na gani.

Ku dubi Mad Max na farko, na 1979. A Ostireliya aka yi shi, kuɗin da aka kashe bai wuce dalar Ostireliya 400,000 ba, kuma daraktan, George Miller, likita ne kafin ya shiga harkar fim. Fim ɗin ya tara sama da dalar Amurka miliyan 100 a duniya. Wurin da ƴan babur suka take matar jarumin da ɗansa, ba a nuna gawa ba, ba a nuna jini ba. Ƙwallon yaron da takalminsa kawai ka gani suna gangarawa a kan kwalta. Har yau ban ga fim ɗin dala miliyan 200 da ya sa tsigar jikina ta tashi kamar wannan ba.

To ku faɗa mini, ina aibinsu?

Sarkin Musu:
Wa'alaikumus salam. Baban Ilham, ka ɗauko zakaran gwajin dafi guda ɗaya ka ɗora mana a tebur, ka bar ɗaruruwan da ko mintuna 20 ba a iya yi a gabansu. A kan kowane Mad Max guda, akwai tulin finafinan da sauti ba ya fita, dare ya yi duhu har ba ka gane wa ke dukan wa, jarumin kuma yana magana kamar an tashe shi daga barci. Aibinsu ke nan, tunda ka tambaya.

Autan Zaure:
Ni dai John Wick ya gama magana. An kashe masa kare, ya kashe gari guda 😂

Sarkin Musu:
Auta, John Wick na farko an kashe masa dala miliyan 20 zuwa 30. Idan wannan ne ƙaramin kasafi a wurinka, don Allah ka tuna da mu.

Autan Zaure:
Yaya ai a Hollywood wannan canji ne.

Mai Tace Hoto:
Auta bai yi ƙarya ba, idan aka auna da abin da manyan kamfanoni ke kashewa. Amma ya kamata mu raba su gida-gida, don kalmar "ƙaramin kasafi" ta haɗa abubuwan da ba su da alaƙa. Akwai na miliyoyin daloli ƴan kaɗan, wanda ake yi don a sayar wa tashoshin talabijin da manhajojin kallo. Akwai na dubban ɗaruruwa. Akwai kuma wanda mutum ya yi da aljihunsa da abokansa, irin El Mariachi na Robert Rodriguez a 1992, wanda ya ɗauka a wani garin kan iyaka a Meziko da kimanin dala 7,000. Wani ɓangare na kuɗin ma ya same shi ne ta hanyar ba da kansa a yi gwajin sabon magani a jikinsa. Keken guragu ya hau ana tura shi don kyamara ta yi tafiya a hankali, tunda babu kuɗin layin dogon da ake shimfiɗa mata.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, a wannan sana'ar, kuɗi lokaci yake saya. Babban fim yana iya kwashe mako biyu a kan faɗa guda ɗaya. Ƙaramin fim kuwa gaba ɗayansa ake ɗauka a mako uku ko huɗu, don haka faɗan ƙarshe da bos, wanda saboda shi mai kallo ya zauna, wataƙila yini ɗaya ya samu. Daga nan ake gane wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Bari in yi bayanin yadda ake naushi a fim. Hannun mai duka ba ya taɓa fuskar wanda ake duka, yana wucewa ne da tazarar kusan taƙi guda. Sai a ajiye kyamara a bayan kafaɗar ɗaya daga cikinsu yadda ba za a ga tazarar ba. Wanda aka "daka" shi ne mai babban aiki: ya juya kai a daidai lokacin, ya saki gwiwa, ya faɗi. Ƙarar kuma daga baya muke sa ta. Idan mutanen biyu sun iya, sai darakta ya ja kyamara baya, a ga jikinsu daga kai har ƙafa, a bar su su yi motsi takwas ko goma ba a yanka ba. Idan ba su iya ba, sai a matso da kyamara, a riƙa jijjiga ta, a kawo mana mu yayyanka hoton gutsi-gutsi har ido ya kasa bin abin da ke faruwa. Duk inda ka ga ana yanka hoto a kowace daƙiƙa, wani abu ake ɓoyewa.

Kuma ba matsalar talakan fim ba ce kaɗai. A Taken na uku akwai wurin da jarumin ya tsallake shingen waya, abin da bai wuce daƙiƙa shida ko bakwai ba, amma an yanka hoton fiye da sau goma. Kuɗi na nan jibge, jarumin ne ya haura shekara 60.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri Malam, ka ƙarfafa maganata. Shi ya sa nake ganin girman irin su Scott Adkins, wanda aka fi sani da Boyka. Yawancin finafinansa ba sa zuwa sinima, kai tsaye ake sakin su, amma idan ya yi juyi a sama ya sauke ƙafa, ka san shi ne ya yi, don kyamara ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Sarkin Musu:
Bai ƙarfafa maganarka ba, raba ta biyu ya yi. Cewa ya yi akwai wanda ya iya da wanda bai iya ba. Ni kuma ina gaya maka waɗanda ba su iya ba su ne tara cikin goma.

Maman Khalil:
Ku yi haƙuri in katse ku, duk kun tafi wajen naushi da kyamara. Ni abin da ya sa na daina kallon irin waɗannan finafinai daban ne.

Ku lura da matar jarumi. Minti biyar ake ba ta. Tana murmushi, tana shanya kaya ko tana wasa da yaro, rana na haska fuskarta. Ba a gaya maka abin da take so ba, ba a nuna ta yi fushi ko ta yi dariyar ƙeta ko ta yi wa mijin gardama ba. Wani lokaci har fim ya ƙare ba ka riƙe sunanta ba. An halicce ta ne kawai don a kashe ta, saboda maigida ya samu lasisin kashe mutum 40 kuma mu tafa masa. Sai a riƙa dawo da hotonta a dishi-dishi duk lokacin da darakta ya ga mai kallo ya fara mantawa da dalilin zubar da jinin.

Mafi muni kuma su ne waɗanda ake keta haddin mace a farkonsu. Ana cewa fim ɗin yana tare da ita ne, tunda daga baya za a rama mata. To in haka ne me ya sa kyamara take daɗewa a kan wulaƙancin fiye da yadda labarin yake buƙata? Wa ake yi wa wannan ɗaukar? Ba sai an gaya mini ba.

Baban Ilham, ka yaba wurin ƙwallo da takalmi. Na yarda ya yi kyau. Amma ka san abin da ya sa ya taɓa ka? Saboda a wancan fim ɗin an daɗe ana nuna maka iyalin suna raye, fansar ma sai can wajen ƙarshe ta zo. Na yanzu kafin ka gyara zama an yi jana'iza.

Ƴar Malam:
Anti kin faɗi abin da ke raina. Kuma ko da mace ce mai ɗaukar fansar, sai an fara wulaƙanta ta tukuna. Namiji kare aka kashe masa ya isa dalili.

Autan Zaure:
Karen nan fa marigayiyar matarsa ce ta bar masa, ba kare ne kawai ba.

Ƴar Malam:
Ka ga ni ko? Nan ma sai da mace ta mutu kafin fim ya tashi 😅

Baban Ilham:
Hajiya, a kan waɗanda ake daɗewa ana nuna cin zarafi, ba ni da ta cewa, ni ma ba na kallon su. Amma batun cewa ba a ba matar lokaci ba, wannan ragwancin marubuci ne, ba rashin kuɗi ba. Mutum biyu su zauna a ɗaki suna hira shi ne abu mafi arha da za a ɗauka a fim.

Maman Khalil:
To ai ka kashe kanka da kanka. Idan shi ne mafi arha kuma ba sa yi, ashe ba talauci ne ya hana su ba. Sun raina mai kallo ne.

Dattijo:
Sannunku da muhawara, ƴaƴana. Na karanta duka, kuma ina so in ɗan koma baya, don wannan rigimar ta girmi yawancinku.

A 1974 aka saki Death Wish, wanda Charles Bronson ya fito a ciki. An ɗauko shi ne daga littafin wani marubuci, Brian Garfield. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, a fim ɗin farko jarumin bai taɓa samun waɗanda suka kashe matarsa suka lalata rayuwar ƴarsa ba. Ko sau ɗaya bai sake haɗuwa da su ba. Fita yake da dare a birnin New York yana harbe duk ɗan ƙwacen da ya tare shi. Wato wasu suka yi laifi, wasu suka biya. Shi marubucin littafin bai ji daɗin yadda fim ɗin ya mai da mutumin gwarzo ba, don shi a littafinsa mutum ne da baƙin ciki yake cinye hankalinsa. Har wani littafin ya sake rubutawa a 1975 don ya gyara fahimtar. Amma ƴan kallo sun riga sun yi tafi, kasuwa kuma ta ji tafin.

Daga 1982 kamfanin Cannon na Menahem Golan da Yoram Globus ya karɓi ragamar ci gaban labarin. Waɗannan mutanen su ne suka ƙware a salon da har yau ake bi: a zana fosta, a sa sunan tauraro da bindiga a hannunsa, a kai kasuwar fim ta Cannes a Faransa, a sayar wa dillalan ƙasashe daban-daban haƙƙin nunawa, sannan a dawo a yi fim ɗin da kuɗin da aka tara. Sau da yawa ana sayar da fim tun ba a gama rubuta labarinsa ba. To wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa a kan fosta, me zai sa ya wahalar da kansa a kan halin matar jarumi?

Dalilin da ya sa suka fi son labarin fansa kuma a fili yake. Ba ya buƙatar dogon bayani. Ko ba ka jin harshen da ake yi, ka ga an kashe wa mutum ɗan'uwa ka gane sauran. Magana kaɗan ce, don haka ɗora wani harshe a kai ba wuya. Jarumi ɗaya ne, wurare kaɗan ne. Fim ɗin Bruce Lee na 1972, Fist of Fury, fansar mutuwar malaminsa ce, kuma ya ratsa ƙasashen da ba su san komai game da tarihin Shanghai ba. Fansa ba ta buƙatar tafinta.

Sarkin Musu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan salon fostar ne ya haifar da yaudarar da ta fi ba ni haushi. Ka ga fuskar babban tauraro ta cika fosta, ka zauna kallo, sai ka tarar minti goma ya fito gaba ɗaya. Yana zaune a kujera a ofis, yana waya, yana ba da umarni. Duk inda aka nuna shi yana tafiya ko yana gudu, ƙeyarsa kawai za ka gani, don wani ne mai irin jikinsa. Yini ɗaya ko biyu ya yi a wurin ɗauka, ya kwashe kaso mafi tsoka na kasafin, sauran ma'aikata su yi ta fama da ragowar.

Mai Tace Hoto:
Haka ne, kuma a wajen tacewa ake shan wahalarsa. Za ka ga mutum biyu suna magana a ɗaki ɗaya amma ba a taɓa nuna fuskokinsu tare a hoto guda ba, saboda ba rana ɗaya aka ɗauke su ba, wani lokaci ma ba ƙasa ɗaya ba. Yawancin irin waɗannan ana ɗaukar su a wuraren da aiki ke da sauƙi, kamar Bulgeriya, inda akwai babban sansanin ɗaukar fim a Sofiya da aka gina titunan da suka yi kama da na New York. Shi ya sa idan ka yawaita kallo za ka fara gane kwanar titi ɗaya da bene ɗaya a finafinai daban-daban.

Sai dai a yi hattara wajen yi wa taurarin dariya. Bruce Willis ya fito a irin waɗannan da yawa a shekarunsa na ƙarshe a sana'ar, mutane suna ta zolaya cewa ba ya ko motsa fuska. Masu ba da kyautar fim mafi muni, wato Razzie, har rukuni na musamman suka ware masa a kan finafinai takwas da ya fito a 2021. A watan Maris na 2022 iyalinsa suka sanar cewa yana fama da lalurar da ke hana mutum sarrafa magana, ya bar fim. Masu kyautar suka janye rukunin. Tambayar da ta rage ita ce ta waɗanda suka ci gaba da sa shi a gaban kyamara.

Maman Khalil:
Allah sarki. Ban san wannan ba.

Autan Zaure:
Ni abin da ke ba ni dariya yaran bos ne. Su 15 sun kewaye akta, amma sai su riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, sauran suna rawa a gefe suna jiran layi. Kuma duk sun rufe fuska. Sannan bindigar akta harsashinta ba ya ƙarewa sai ya zo gaban bos, a nan ne za ta yi ƙas-ƙas, sai a jefar a koma hannu.

Mai Tace Hoto:
Rufe fuskar nan dabara ce, ƙanena. Masu faɗan da aka ɗauka ba su fi shida ba, kowannensu sai ya mutu sau huɗu ko biyar kafin a tashi. A canza masa riga da hula ya dawo.

Autan Zaure:
Wallahi na taɓa gane wani da takalminsa 😂

Baban Ilham:
To ni wannan ba ya ɓata mini rai, yana ma ƙara mini son abin. Kana ganin hannun mutanen da suka yi shi. Akwai wani fim ɗin Yuganda na 2010, Who Killed Captain Alex?, wanda Nabwana Isaac ya yi a unguwar Wakaliga a Kampala da kuɗin da bai kai dala 200 ba. Bindigogin da ƙarfe da katako aka ƙera su, jirgin sama mai saukar ungulu kuma kowa ya gani ya san zanen kwamfuta ne. Amma masu faɗan sun koyi kungfu da gaske, kuma fim ɗin bai taɓa yi maka ƙaryar cewa shi wani abu ne da ba shi ba. Miliyoyin mutane sun kalle shi a YouTube. Gara wannan sau dubu da mai ƙeyar tauraro.

Sarkin Musu:
Dariya suke yi masa, ba yabo ba.

Baban Ilham:
Tare da shi ake dariyar. Mai sharhin da aka ɗora muryarsa a cikin fim ɗin shi ne ma kan gaba wajen tsokana. Akwai bambanci.

Ƴar Malam:
Ina da tambaya ga Malam mai tacewa. Me ya sa wutar bakin bindiga da jinin finafinan yanzu suke kama da na wasan kwamfuta? Na da sun fi kama da gaske.

Mai Tace Hoto:
Saboda yawanci daga baya ake liƙa su. A da, ana sa harsashin da ba shi da kai, mai ƙara da wuta kawai, sannan a ɗaura wa wanda za a harba ƴar jakar jinin ƙarya da ɗan abin fashewa a ƙarƙashin riga. Yana kyau a ido, amma in aka yi kuskure sai an canza riga, an goge bango, an sake ɗaurawa, rabin awa ta tafi. Mai mako uku ba shi da wannan rabin awar. Sai ɗan wasa ya riƙe bindigar roba yana girgiza hannu, mu kuma mu sa wutar. Idan ana so a gane aikin gaggawa, a duba abu uku: saman bindigar ba ya ja da baya, kwanson harsashi ba ya fita, hasken wutar kuma ba ya haska fuskar mai harbin ko bangon da ke kusa. Jinin ma sai ya fantsama a iska ya ɓace, rigar tana nan fes.

Amma kafin mu ce na da ya fi, mu tuna abin da ya ci. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu yana da shekara 28 a wurin ɗaukar The Crow, wanda shi ma labarin fansa ne. Ma'aikatan sun haɗa harsasan nuni, wato na ado da ba sa tashi, da kansu daga na gaske maimakon su sayo, kan harsashi ɗaya ya maƙale a cikin bututun bindigar ba wanda ya lura, da aka zo aka harba marar kai a bayansa sai ya fito da shi. A 2021 kuma mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasu sakamakon harbin bindiga a wurin ɗaukar wani ƙaramin fim a jihar New Mexico ta Amurka, bayan wasu ma'aikatan kyamara sun bar wurin a ranar saboda ƙorafi kan yanayin aiki. Duk inda ake tsimin kuɗi da lokaci, wajen kariya ake fara yankewa, don shi ne ba ya fitowa a hoto. Ni dai gara in ga wutar ƙarya.

Dattijo:
Wannan gaskiya ne. Mu ƴan kallo muna yabon "faɗan gaske", ba mu san wanda ya karye a bayansa ba.

Maman Khalil:
Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini babbar damuwata. A waɗannan finafinan ɗan sanda ko dai maci amana ne ko sakarai, alƙali an saye shi, kotu ɓata lokaci ce. Hanya ɗaya ce ta rage, ka ɗauki makami. Kuma jarumi ba ya kuskuren mutum. Duk wanda ya kashe, mai laifi ne. A rayuwa kuwa wanda ya ɗauki doka a hannunsa sau nawa yake faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba? Waɗancan 40 ɗin da ya kashe a hanya, ba su da uwaye? Ba su da ƙannen da su ma za su tono tasu bindigar? Fim yana ƙarewa yana tafiya a hankali wuta na ci a bayansa, kamar an rufe littafi.

Sarkin Musu:
Hajiya, a nan kam zan kare su. Ba wanda ya kalli fim ya tashi ya je ya kashe mutum 40. Mutane suna kallo ne don a duniyar gaske azzalumi yakan sha, to ko a allo dai a ga ya biya. Sanyaya zuciya ne na awa ɗaya da rabi.

Maman Khalil:
Ban ce zai tashi ya yi kisa ba. Cewa nake idan ka shekara 20 ana nuna maka cewa haƙuri ragwanci ne, bincike kuma ɓata lokaci, wani abu zai zauna a ranka. Sai ranar da aka yi ihun ɓarawo a titi za a ga abin da ya zauna.

Baban Ilham:
Hajiya, akwai fim ɗin da ya amsa tambayarki, kuma ƙaramin kasafi ne ya ba shi damar amsawa. Blue Ruin, na 2013, Jeremy Saulnier ya yi shi da kimanin dala 420,000, da kuɗin ajiyarsa da gudummawar jama'a ta intanet, abokinsa tun na yarinta kuma shi ne jarumin. Mutumin ba soja ba ne, ba tsohon ɗan leƙen asiri ba ne. Wani bawan Allah ne da ke kwana a tsohuwar mota tun bayan da aka kashe iyayensa. Ya ji an sako wanda aka ɗaure kan kisan. Ya saci bindiga, ya tarar da makulli a kunamarta, garin fasa makullin ya lalata bindigar. Da wuƙa ya yi kisan a banɗaki, cikin rawar jiki, tun fim bai yi nisa ba. Garin fasa tayar motar dangin mamacin ya yanke hannunsa, sannan ya tuna ya yar da makullin tasa motar a inda ya yi kisan. Aka harbe shi da kibiya a cinya, ya sayo kayan aiki zai cire da kansa irin yadda jarumai ke yi, ya kasa, sai a asibiti ya farka. Sauran fim ɗin gaba ɗaya a kan abin da ya jawo wa ƴar'uwarsa da ƴaƴanta ne, don dangin mamacin ba su kai ƙara ba, su ma fitowa suka yi. Daga baya ma ya gano cewa wanda ya kashe ɗin ba shi ne ya kashe iyayen nasa ba.

Babban kamfanin da ya zuba dala miliyan 100 ba zai yarda jaruminsa ya zama haka ba, don yana son kashi na biyu da na uku. Wanda ba shi da abin asara shi ke iya faɗin wannan gaskiyar.

Autan Zaure:
Haba Yaya! Ka gama ba mu labarin duka, me ya rage mu kalla? 😭

Admin:
Jama'a a riƙa sa gargaɗi kafin a tona ƙarshen fim, dokar zaure ce. Baban Ilham, wannan na farko ne.

Baban Ilham:
Ban faɗi ƙarshen ba ai, Admin. Akwai saura.

Sarkin Musu:
To amma ka lura da abin da ka yi? Misalanka masu kyau duka na mutanen da suka sa kuɗinsu da sunansu ne, suna yin fim ɗin da suke so su yi. Waɗanda nake zagi kuma na ƴan kasuwar fosta ne. Kasafinsu ma ya fi na su Saulnier sau goma, amma fim ɗin ya fi muni sau goma. Don haka kar ka ce ƙaramin kasafi ne ke kawo gaskiya. Bai hana ta ba dai.

Baban Ilham:
Ni kuma ina cewa yana tilasta ta, ga wanda yake da kunya.

Maman Khalil:
Zan nemi wannan na mai kwana a motar in gani. Amma ƴar'uwar tasa, an ba ta baki ta yi magana, ko ita ma hoto ce a bango?

Baban Ilham:
An ba ta. Akwai wurin da suka zauna a gidan abinci ya gaya mata abin da ya aikata, kuma abin da ta mayar masa daga baya bai yi masa daɗi ba. Ba zan ƙara ba kar Admin ya kore ni.

Ƴar Malam:
Anti in kin kalla ki dawo ki ba mu hukunci, don ni ban yarda da alƙalancin mazan zauren nan a kan wannan ba.

Autan Zaure:
Malam mai tacewa, wata tambaya. Idan yaran bos shida ne kawai, wa yake kwanciya a matsayin gawa idan an nuna su 15 a ƙasa?

Mai Tace Hoto:
Duk wanda ke wurin kuma baƙar riga ta shige shi. Direba, mai riƙe fitila, wani lokaci har furodusa. Ka duba da kyau, waɗanda suka kifa fuska a ƙasa ba sa cikin masu faɗan.